Takardun Kalandar Kaka Suong

Akwai wata tsohuwa mai suna Suong a birnin Can Tho, a wata ƙasa ta gabas mai nisa. Shekarunta sittin da tara, kusan arba'in daga ciki a gindin tukunya ta yi su, tana sayar da romon taliyar shinkafa a bakin kasuwa. Turanci kuwa ko kalma ɗaya ba ta ji, kuma ba ta taɓa ganin ta yi asarar komai ba.

'Yarta tilo, Loan, tana aure a Ostareliya. A can ta haifi Vy, wadda yanzu take da shekara goma sha huɗu. Yarinyar tana tsintar harshen gida kaɗan-kaɗan, amma baki ya ƙi. Iyakarta "Kaka, kin ci abinci?" daga nan sai Turanci ya ƙwace.

Duk da haka, kullum ta dawo daga makaranta sai ta kira kakarta ta bidiyo. A Can Tho kuwa lokacin rana ta take, Suong ta tashi daga kasuwa tana wanke kwanuka. Sai ta jingina wayar da kwalbar barkono, yarinya tana zuba, tsohuwa tana gyaɗa kai. Maƙwabta har tsiya suke mata, wai hirar kurame.

Da damina ta kankama sai hirar ta canza. Vy ta daina dariya. Takan rufe ƙofar ɗaki, ta rage murya, ta yi ta magana har idonta ya ciko. Rannan ta share fuska, ta ce da gurguwar maganarta ta harshen gida, "Kaka ba ta ji. Shi ya sa nake faɗa."

Maganar nan ta tsaya wa Suong a rai. Jikarta na ɗauke da abu mai nauyi, ta rasa wanda za ta gaya wa sai wadda ba za ta gane ba. Ta kira Loan, Loan ta ce lafiya ƙalau, aiki ne ya yi yawa, ta kashe waya.

Suong ba ta yi karatu mai nisa ba, amma tana da kunne. Macen da mutum goma za su faɗa mata abin da suke so a lokaci guda, ta zuba wa kowa nasa, ba a raina kunnenta. Ta lura akwai kalmomin da ke ta dawowa a bakin yarinyar. Sai ta riƙa yage takardar ranar daga kalandar bango, tana rubuta su a baya, yadda suka shiga kunnenta. Kwana tara, takarda tara.

Ta kwashe su ta kai wa Malam Khiem, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya. Shekara ashirin ke nan yana shan romonta yana kushe shi.

Ya gyara tabarau ya ce, "Yaya, wannan rubutu ne ko kaji suka bi ta kai?"

"Kai dai karanta, Malam. Da na iya, me zai kawo ni wurinka?"

Ya karanta da ƙarfi, sau biyu, sau uku, har sautin ya koma Turanci a bakinsa. Sai dariyar ta ɗauke.

"Wa ke gaya miki waɗannan?"

"Fassara na zo nema."

Ya nuna da yatsa. "Wannan, sikirit, sirri ke nan. Wannan, haid, ɓoyewa. Wannan da kika rubuta sau shida, mes, shi ne komai ya hargitse, gida ya yi kaca-kaca." Ya ɗauko takardu biyun ƙarshe. "Nan cewa take Baba ya bar gida. Nan kuma, Mama ta ce kada a gaya wa Kaka."

Suong ta nemi kujera ta zauna. Tausayin 'yarta ya kama ta, haushinta ma ya kama ta, ta rasa wanne ya fi.

Malam ya ce, "Ki kira Loan yanzun nan ki titsiye ta."

"In na kira ta, wa za ta tuhuma? Yarinyar. Daga nan kuma ba za ta ƙara buɗe baki ga kowa ba." Ta tura masa takardun. "Koya min."

"A shekarun nan naki?"

"Kai a naka shekarun ba ka koyi yin shiru ba, kuma ban fid da rai da kai ba."

Haka suka fara, kullum da yamma a ƙofar gidansa. Ya ɗauko littafin 'yan aji ɗaya mai gaisuwa da sunayen launuka, ta ce ya mayar. Ita kalmomin sirri da ɓoyo take so, da na tsoro, da na hargitsi, da yadda ake cewa laifi. Malam ya ce a shekara talatin da biyar na koyarwa bai taɓa ganin ɗalibar da ta shiga Turanci ta ƙofar tashin hankali ba. Harshenta yana sarƙewa, yana gyara mata, tana harararsa.

A waya kuwa ta ci gaba da gyaɗa kai, sai dai yanzu tana tsintar ɗaya cikin goma. Ta gane cewa Loan tana kulle kanta a ɗaki. Wanki ya taru. Vy taliyar leda take ci safe da yamma. Duk kalmar da Suong ta gane sai ta ji kunya, kamar mai laɓe a bayan ƙofa.

Ranar kwana na ashirin, Vy ta faɗi wata jimla da tsohuwar ta gane daga farko har ƙarshe. Cewa ta yi laifinta ne, don a kan sakamakon jarrabawarta iyayen suka fara faɗa.

Suong ta goge hannu a zane, ta ɗauki wayar, ta kawo ta kusa da fuska. Da Turancin da ta haddace, kalma ɗaya-ɗaya, ta ce, "Vy. Kaka ta ji. Ba laifinki ba ne."

Yarinyar ta daskare. "Kaka, kina ji? Tun yaushe?"

"Kaɗan nake ji. Kwana ashirin. Ki yafe wa Kaka." Ta ɗora hannu a ƙirji. "Sirrinki yana nan. Ba zai fita ba sai kin ce."

Vy ta kashe wayar.

Washegari ba ta kira ba. Rana ta biyu ma haka. Suong ta zuba gishiri sau biyu a romo, kuma a karon farko Malam Khiem ya shanye kwanonsa tas bai kushe ba. Tsoronta ɗaya, kada garin neman taimakon yarinyar ta rasa ta gaba ɗaya.

Rana ta uku wayar ta yi ƙara. Ba ɗakin Vy ba ne wannan karon, kicin ne. Yarinyar na riƙe da waya, a gefenta Loan, ta rame, kai ba gyara, kwanuka jibge a bayanta. Vy da kanta ta gaya wa uwarta komai.

Loan ta kasa ɗaga ido. "Mama, kunya ce ta hana ni."

Suong ta yi kusan wata tana tanadin faɗan da za ta yi mata, har ta san da wace kalma za ta fara. Ta dubi wuyan 'yarta da ya zurma, ta dubi jikarta, sai faɗan ya bi iska.

"Akwai albasa a gidan?"

Loan ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"To ɗauraye tukunya ɗaya, sauran su jira. Vy, riƙe wayar da kyau in ga wutar. Yau sai kun ci abinci a gabana."

Darasi: Wanda ya ɓoye maka damuwarsa ba lallai raina ka ya yi ba, sau da yawa kunya ce ko tsoro. Idan ka gano, kada ka yi gaggawar tonawa ko faɗa. Ka yi haƙuri, ka koyi sauraronsa, ka faɗa masa gaskiya cewa ka ji, sannan ka riƙe amanarsa har ya buɗe baki da kansa. Ku tura wa iyaye da kakanni wannan, wataƙila akwai yaron da ke jiran a saurare shi a gidansu.