Telan da Ya Ɗinka wa Kaza Riga

Akwai wani tela, jama'a, da 'yan layinsu ke kira Mai Awo, don shi komai na duniya sai ya auna shi. Ko labule zai rataya sai ya ɗauko tef. Shagonsa a ɗakin gaban gidansa yake, da keken ɗinki, da teburin yanka, da wani almakashi da ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba.

Kada ku ɗauka mugu ne. Wallahi mutumin kirki ne, tsanani ne kawai ya yi masa yawa.

Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Iya, ta gamu da shanyewar ɓarin jiki. Hannun damanta ya daina aiki, maganarta ta yi nauyi. Da za a sallamo su daga asibiti, likita ya ce a bar ta ta huta.

To fa! Wannan kalma ɗaya Mai Awo ya riƙe gam. Ya gyara mata ɗakin can ƙurya, ya sa sabuwar katifa da fanka da labule mai kauri. Sannan ya kafa doka: ba yaron da zai sake taka ɗakin. Har da Auta, ɗan ƙaraminsu da bai shiga makaranta ba, wanda tun da aka yaye shi a kwano ɗaya yake ci da kakarsa, tana tsokanarsa da "maigidana".

Matarsa ta ce, "Baban Auta, ko shi kaɗai a bari ya riƙa leƙa ta?"

Ya ce, "Ya je ya haye mata jiki, ya cinye mata abinci? Hutu aka ce, Maman Auta."

Sai Iya ta soma rage cin abinci. Yau cokali kaɗan, gobe ta kurɓi shayi ta kau da kai, daga baya ta juya fuska bango. An canza girki, an yi lallashi, an yi roƙo, a banza. Likita ya ce idan aka ci gaba a haka, dole a mayar da ita asibiti a sa mata robar abinci ta hanci. Mai Awo ya dawo gida ya zauna gaban kekensa, ya kasa taka shi.

Ana cikin wannan hali ne abin ya faru.

Iya tana da wata kaza da take ji da ita, Wake-wake, wadda ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki ba da jimawa ba. Wata rana da hantsi Maman Auta na shanya a tsakar gida, sai ga shirwa ta kawo sura. An ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, amma wannan ba ta gudu ba. Tsalle ta yi ta tari shirwar a sama, suka faɗo tare, ƙura ta tashi, gashi na ta yawo. Kafin Maman Auta ta rarumo muciya, shirwa ta tsere hannu banza.

'Yan tsaki duk suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Amma uwar tana kwance a gefe, farce ya yage mata fatar baya, jini na zuba.

Mai Awo ya fito ya duba, ya ce, "Kawo wuƙa kafin ta mutu a yi asara. A yi wa Iya romo da ita."

Maman Auta ta rungume kazar. "Kazar Iya za ka yanka ka kai wa Iya? Haba, Baban Auta!"

"Sabo da kaza ai ba ya hana yanka."

"Wadda ta tari shirwa da bayanta? Ni dai ba da hannuna ba. Ara mini almakashinka."

Ya zaro ido kamar ta ce ya ara mata ransa. Da ya ga da gaske take, ya ce ba mai taɓa masa almakashi, shi zai yi da kansa.

Ta naɗe kazar da tawul, ta rufe mata kai don ta natsu, ta danna tsumma mai tsabta a kan raunin har jinin ya tsaya. Shi kuma ya durƙusa yana datse gashin da ke gefen raunin a hankali, kamar yana yanka yadin wani babban mutum. Ta dafa ruwa, ta bari ya huce, ta jefa ɗan gishiri, ta wanke wurin har ƙasa da datti suka fita. Sannan ta shafa zuma.

Ana haka sauran kajin gidan suka zagaye su suna miƙa wuya.

Maman Auta ta kore su, ta ce, "Ka gan su? Kaza in ta ga jan jini, ko a jikin 'yar uwarta ne, sai ta tsattsage shi. Dole a ware ta."

Wannan magana ta yi wa Mai Awo daɗi. Ya ce, "Kin ga abin da nake faɗa. Mara lafiya hutu yake so."

Aka sa Wake-wake a kwali, aka shimfiɗa mata tsummoki, aka rufe da gidan sauro saboda ƙuda, aka kai ta ɗakin ajiya inda ba iska ba hayaniya. 'Yan tsakin kuma aka zuba su a wani kwando a kicin. Maman Auta kan tsoma mata baki a ruwa mai ɗan sukari, ba ta ɗura mata, don kada ya bi ta hanyar numfashi. Safe da yamma ana wanke raunin ana sake zuma.

Raunin bai yi wari ba, bai kumbura ba, har ya soma kamewa. Amma kaza ta ƙi ci. An ba ta tsakin gero, an marmasa mata dafaffen ƙwai, ko kallo. Ta lumshe ido, ta sa kai a kusurwar kwali. In ka ɗaga ta sai ka ji kamar ba komai a hannunka.

Maman Auta ta ce, "Na yi duk abin da na sani. In ba ta ci ba, tafiya za ta yi."

Rannan da safe ta ɗauko kwandon 'yan tsaki za ta kai su su sha hantsi, ta bi ta ƙofar ɗakin ajiya suna ta tsiu-tsiu. Mai Awo na ciki yana neman wani ƙunshin yadi. Sai ya ji motsi a kwali.

Ya leƙa. Kazar nan da ko kai ba ta ɗagawa ta buɗe ido, ta miƙa wuya tana neman inda kukan yake.

Ya ce, "Maman Auta, dawo da kwandon nan!"

Suka ajiye 'yan tsaki a gabanta. Jama'a, ikon Allah sai kallo! Wake-wake ta yunƙura ta faɗi, ta sake yunƙurawa ta tsaya, ƙafafunta na rawa. Ta nufi ƙwan da ta yi ta ƙi. Ta ɗauki ɗan guntu a baki, ba ta haɗiye ba, ta ajiye a ƙasa tana kiran 'ya'yanta, kut-kut-kut. Suka rugo suka ci. Ta sake ɗauka, ta sake ajiyewa. Sai da ta ga kowannensu ya samu, sannan ta sunkuya ta ci nata, ta sha ruwa, ta ɗaga kai sama.

Maman Auta sai "Allahu Akbar" take yi, hannu a baki. Mai Awo kuwa ya tsaya yana kallo, ya ma manta abin da ya kawo shi ɗakin.

Sai ga wani ɗan tsako ya haye bayan uwar ya kai wa raunin sara. Maman Auta ta cafke shi. "Ka ga matsalar. In an bar su za su fama mata, in an raba su ba za ta ci ba."

Ya ce, "Ba za a raba su ba. Raunin za a rufe."

Ya ciro tef daga wuyansa ya auna bayan kaza, daga wuya zuwa wutsiya, daga fiffike zuwa fiffike. Ya shiga shago ya jawo wani ƙyalle ja mai kyau.

Matar ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Ja? So kake su cinye ta da rigar gaba ɗaya?"

Shi ma ya yi dariya, rabonsa da ita tun kafin ciwon Iya. Ya ajiye jan, ya ɗauko baƙin yadi mai laushi, ya ɗinka 'yar riga mai rufe baya kawai, da madauri biyu da ke zagaya fiffike, yadda iska za ta shiga kuma a iya ɗagawa a sa magani. Ta zauna mata cif. 'Yan tsaki suka shige ƙarƙashin uwarsu suka yi tsit.

Mai Awo ya daɗe a tsugune. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa.

Ya ce, "Ina Auta?"

Ya zuba shinkafa da romo a tsohon kwanon Iya, ya sa cokali ɗaya, ya kama hannun yaron har ɗakin ƙurya. Ya yaye labulen nan mai kauri, haske ya shiga. Iya na kwance, fuska a bango.

Auta bai jira izini ba. Ya haye katifa yana cewa, "Iya! Iya! An ɗinka wa kazarki riga!"

Tsohuwa ta juyo a hankali. Ta daɗe tana kallon yaron. Bakinta ya motsa, da ƙyar maganar ta fito: "Mai... gidana. Ka rame."

Mai Awo ya tayar da ita ya jingina ta da filo, ya ajiye kwanon a tsakaninsu, bai ce mata ta ci ba. Iya ta miƙa hannun hagu, wanda ba ta saba ci da shi ba, ta kama cokali yana karkarwa, rabin shinkafar na zubewa a zani. Ta kai bakin Auta. Ta sake ɗebowa, ta sake ba shi.

Auta ya ce, baki cike, "Saura ke."

Ta kai cokali na gaba bakinta, ta tauna, ta haɗiye.

Mai Awo ya fita tsakar gida ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka kamar yaro. Yana cewa, "Ashe ni na hana ta ci. Ni da hannuna na rufe ta."

Matarsa ta dafa shi. "Da niyyar alheri ka yi. Tashi ka ƙaro musu, kwanon ya kusa ƙarewa."

Ba a mayar da Iya asibiti don robar hanci ba. Hannun dama bai dawo ba, amma ta yi kumari, har ana fito da ita tsakar gida a kujera. Wake-wake ma fatarta ta haɗe, sabon gashi ya tsiro, aka cire mata riga. Mai Awo ya wanke rigar ya rataye a ƙusa saman kekensa. Duk wanda ya zo awo ya tambaya ta wane jariri ce, sai ya ce, "Ta malamata ce."

Darasi: Mara lafiya yana bukatar magani da tsabta da hutu, amma kada a raba shi da waɗanda yake rayuwa dominsu. Uwa, ko mutum ce ko kaza, ba ta jin daɗin loma sai ta ga nata sun ci. In akwai tsoho ko majinyaci a gidanku, ku rufe raunin, ku buɗe ƙofar. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, wataƙila akwai wata Iya da ke jiran a shigo mata da jikanta yau.