Muryar Mudi da Sunan Rakiya

An ce wai an yi wata mata, Rakiya, wadda mijinta Mudi yake fataucin goro a Kumasi. Kullum yakan kira ta ta intanet, ita kuwa takan jona wayarta da intanet ɗin kyauta na wani shago a bakin layinsu, don bai da makulli.

Ran nan aka kira ta da muryar Mudi sak, har da ɗan tarin nan nasa, aka ce, "Rakiya, na sake ki." Aka kashe. Ta kwana tana kuka. Da gari ya waye Mudi ya kira yana tambayar lafiyar yara, ta faɗa masa, ya rantse bai furta ba. Rakiya ta rasa tudun dafawa: in ta zauna, tana tsoron zaman haram, in ta fita, ta rushe gidan da take ƙauna. Sai ta nufi wurin Alƙali Malam Sidi, ta maimaita masa kalmomin da aka faɗa mata.

Wani masanin intanet ya shaida wa alƙali cewa kiran da ba a kulle ba tamkar zance ne a tsakar kasuwa, mugu yana iya naɗar murya ya ƙera wata irinta. Amma wannan bai nuna wanda ya yi magana ba.

Alƙali ya daɗe yana shafa gemu. Can ya tambaye ta a hankali yadda Mudi yake kiranta. Ta sunkuyar da kai don kunya. Sai ya sa aka kira Mudi a waya, ya ce, "Faɗa wa kotu sunan matarka."

Mudi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, sunan marigayiya mahaifiyata ne. Bakina bai taɓa ɗaukarsa ba. Mai sunan Inna nake ce mata."

Hawaye suka zubo wa Rakiya.

Alƙali ya ce, "Ɓarawo ya saci murya, bai iya satar kunya ba. Aurenku yana nan, 'yata, koma ɗakinki. Daga yau ku yi zance ta hanyar da ake kulle magana, ba mai mabuɗi sai ku biyu."

Shi ya sa masu hikima suke cewa murya riga ce, ana iya aronta, amma hali zanen dutse ne.