Bushiya da Yaren Gara

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta da kunnenmu.

Bushiya dai kun san ta da tsoro, ko ganye ya faɗo sai ta dunƙule. To, ita kaɗai ta iya yaren gara, gadon gidansu ne. Ta ce su gina, su gina. Ta ce su tsaya, su tsaya.

Kurege ya ce, "Iya Bushiya, ki koya wa jama'a yaren nan. Rai ba tabbas."

Ta ce, "Kura ta ji, ta sa gara su cinye mini ɗaki? Ko 'ya'yan cikina ban koya wa ba!"

Ran nan tana cikin sabon rumbu da gara ke gina mata tana ba su umarni, sai tari ya sarƙe ta, murya ta ɗauke. Gini ya wuce kanta, bakin rumbu na ta tsukewa, haske na raguwa. Dabbobi suka zo ceto, suna fasawa, gara na toshewa.

Saura 'yar kafa, Kurege ya kara kunne. "Iya, me za mu ce su tsaya?"

Da ƙyar ta raɗa masa kalmar. Ya faɗa da ƙarfi, gara suka tsaya cak.

Aka fito da ita. Tana ɗaga ido sai ga Kura a bayan taro, tana maimaita kalmar a hankali don kada ta manta.

Ƙurunƙus kan ɗan gafiya!