Malam Haladu da Fallen Ƙarshe

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari mai jami'a, ana ce masa Malam Haladu. Allah ya jiƙansa. Ku matso ku saurara, don ba a littafi na karanta labarin nan ba. Rabinsa da idona na gani, rabin daga bakinsa na ji.

A ɗakin karatu na jami'ar yake aiki, can ƙasa, inda ake ajiye rubuce-rubucen malaman da. Kun san littattafan da ba ɗinke su ake yi ba. Falle-falle suke, a tara su a ɗaure, a zura cikin gafaka, jakar fatar nan ta malamai. To idan malami ya rasu, 'ya'yansa suka bi shi, sai jikoki su kwaso takardun a buhu su kawo jami'a. Gara ta ci wasu, ruwa ya taɓa wasu, na fiƙihu sun cakuɗe da na magani. Malam Haladu ne zai zauna da ɗan burushi mai laushi ya share kowane falle, sannan ya nemo masa ɗan'uwansa. Yadda yake ganewa, marubutan da sukan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a gindin shafin da suka gama. Wannan kalmar yake bi, kamar mai bin sawun akuyar da ta ɓata. In littafi ya haɗu sai ya sa masa lamba, ya rubuta a kati: wane ya wallafa, wane ya kwafa, daga gidan wane aka kawo.

Buhu ɗaya yakan ci masa wata huɗu. Kullum da atishawa yake komawa gida. In an tambaye shi aikin me yake yi a jami'a, sai ya ce, “Sada zumunci nake yi tsakanin takardu.”

To shi Malam Haladu jikan Liman Barmo ne. A garin nan kuwa in ka ce Liman Barmo, to ka ce Waƙar Ruwa. Waƙa ce ta ajami, ta godiya ga Allah a kan ruwan sha, yaro da babba kowa ya iya ta, ana rera ta farkon damina. Kowa ya san ta Liman ce, don da hannunsa aka same ta a rubuce. Sai dai fallen ƙarshe ya ɓata tun da daɗewa, ba wanda ya taɓa ganinsa. Yayar Malam Haladu, Hajiya Ladidi, ko cinikin tumatir take yi sai ta sako sunan Liman Barmo.

Ana nan sai shugaban ɗakin karatun, Farfesa Mijinyawa, ya ce za a sa wa ɗakin tsofaffin takardun sunan Liman Barmo. Aka sa rana. Aka ba mai fenti aikin allo. Hajiya Ladidi ta fitar da anko.

Saura sati uku biki, ku saurara da kyau, sai aka kawo wani buhu daga wani ƙauye. Malam Haladu yana cikin rarraba shi da hantsi, sai ga wani falle a maƙale cikin littafin rabon gado, ba na wurin ba ne. Yana ganin rubutun ya gane hannun kakansa. Ya tashi ya ɗauko Waƙar Ruwa, ya duba kalmar da ke gindin shafinta na ƙarshe, ya duba kalmar farko ta wannan falle. Suka yi daidai. Murna ta kama shi, ya ci gaba da karatu. A ƙasan baitocin ga abin da Liman ya rubuta:

“Waƙa ta cika da ikon Allah. Mai ita Tanko ne, mai haƙar rijiya. Shi ya faɗa da bakinsa, ni Barmo na rubuta masa, don bai san alƙalami ba. Wanda ya karanta ya yi mana addu'a mu biyu.”

Malam Haladu ya zauna. Shi kaɗai ne a ɗakin. A gefensa akwai wani kwali da ake zuba takardun da ba a gano asalinsu ba, kwalin da ake shekara goma ba a binciki abin da ke cikinsa ba. Ba sai ya yaga ba, ba sai ya ƙona ba, ba ma sai ya yi ƙarya ba. Ya saka a kwalin nan kawai ya rufe. Ya gaya mini da bakinsa sai da ya ɗaga murfin kwalin. Ya ɗaga, 'yan'uwa, shi ma mutum ne. Ya tuna yayarsa, ya tuna allon da ake fentawa. Sai aka kira azahar. Ya je ya yi salla, ya dawo, ya sa fallen a bayan 'yan'uwansa. Ya ciro sabon kati ya rubuta: mai waƙa Tanko mai haƙar rijiya, mai kwafa Liman Barmo.

Ya hau sama wurin Farfesa. Farfesa ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya ce, “Malam Haladu, wa ya ga takardar nan ban da kai?”

Ya ce, “Allah ya gani, ranka ya daɗe. Sai kuma gara, ta ɗanɗana gefe ta bari.”

“Ba wasa nake ba. Kakanka ne fa. Ka bari a yi biki, bayan wata biyu sai ka tsince ta.”

“Ranka ya daɗe, ai na riga na tsince ta. Ban san yadda ake tsintar abu sau biyu ba.”

Farfesa ya mayar masa da fallen, sannan ya ce to, tunda saboda waƙar ne za a sa sunan, ba shi da bakin da zai kare maganar a gaban manya. Aka fasa biki.

Na Farfesa mai sauƙi ne. Da yamma Malam Haladu ya tafi gidan yayarsa. Ya same ta tana tsince shinkafa, ya durƙusa ya gaishe ta, ya gaya mata.

Ta ajiye faifan ta ce, “Haladu, kai tun kana yaro ka cika tone-tone.”

“Yaya, ba ni na rubuta ba, Kaka ne.”

“Kaka ya rubuta, Allah ya ɓatar. Kai wa ya aike ka nema?”

“Aikina ke nan, Yaya.”

“Aikinka. Mutane suna aiki su ɗaga gidansu, kai ka yi shekara ashirin kana shaƙar ƙurar takarda don ka sauke namu. Atamfa tana wurin tela, me zan ce wa mata?”

Ya ce, “Ki ce musu su sa ranar salla, zanen yana da kyau.”

Ta jefe shi da murfin kwano. Wata biyar ba ta amsa gaisuwarsa, shi kuma bai fasa zuwa ba duk Juma'a. Ya durƙusa, ya gaishe ta, ta kalli bango, ya yi wa bangon sallama ya tafi.

A cikin watannin nan ya shiga neman zuriyar Tanko, unguwa-unguwa, har ya samo jikarsa, wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli, Inna Delu. Ya ɗauko ta a bayan babur ɗinsa ya kawo ta jami'a, wurin da ba ta taɓa takawa ba. Ya shimfiɗa mata fallen ya karanta mata. Da ya gama ta ce, “Mahaifiyata takan ce waƙar nan ta gidanmu ce. Mu kuwa mu ce mata tsufa ne.”

Ta miƙa hannu za ta taɓa, ya ce, “Inna, yi haƙuri, hannunki da mai.”

Ta ce, “Ɗan nan, ka kawo ni ga kakana kuma ka hana ni gaisawa da shi?”

Ya kawo mata ruwa da sabulu. Sau uku ta wanke, ta goge da gefen mayafi, ta ce ya nuna mata wanne ne Tanko a cikin layukan. Ya nuna mata. Ta ɗora yatsa a kai, tana dariya hawaye na zuba.

Hajiya Ladidi kuwa, a wani taron suna aka jiyo ta tana gaya wa mata, “Mu gidan Liman Barmo ba ma cin haƙƙin kowa, ko na mai haƙar rijiya ne. A rubuce yake a jami'a, ƙanena ne ma ya gano.” Da labari ya iso wa Malam Haladu, dariya ya yi har ya ƙware.

Ɗakin nan ba a sa masa sunan kowa ba har yau. Shi ma Malam Haladu ba a ƙara masa girma ba, a kujerar nan ya yi ritaya. Bara Allah ya karɓi abinsa, ni dai har yanzu ban saba ba.

To 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi. Haƙƙi ba a dukiya kaɗai yake ba, yabo ma haƙƙi ne, kuma yana da mai shi. Kuma ba sai da ƙarya ake cin sa ba, da shiru ma ana ci. Ke da baƙi suka yaba miyarki alhali maƙwabciya ce ta haɗa, kika yi murmushi kika ce ba komai. Ke da aka yaba tarbiyyar ɗanki, kika manta da goggon da ta raine shi shekara bakwai. Kai da aka tafa maka a taro a kan shawarar da matarka ta ba ka. Ba wanda zai kama ku, na sani. Amma mai abin yana nan, wataƙila yana zaune kusa da ke yanzu. Kafin rana ta faɗi yau, ki tuna mutum ɗaya da aka yabe ki a kan aikinsa, ki faɗi sunansa a gaban mutane. Allah ya ba mu ikon yi.