Obrad Maharbi da 'Ya'yan Sarki Biyu a Kan Tsauni

A zamanin da ƙasar Sabiyawa take rarrabe a hannun sarakunan tsaunuka, Sarkin Rum yana matsa musu ta kudu, Sarkin Hungari ta arewa, an yi wani maharbi mai suna Obrad. Yana zaune da matarsa Milosava a gindin wani tsauni mai dazuzzuka, inda namun dawa irin su beyar da kyarkeci suka fi mutane yawa. Makiyaya sukan yi masa kirari su ce: Obrad na Milosava, gatari abokin gungume, mai bin sawun da ruwa ya wanke! An ce tun yana saurayi ya faɗa kwazazzabo, wata macen kyarkeci ta yi jinyarsa kwana arba'in, shi ya sa babu lungun da bai sani ba a tsaunin.

Da sarkin wannan yanki ya rasu, ya bar 'ya'ya biyu maza. Babban, Desimir, yana auren 'yar wani basaraken Hungari, sai surukansa suka ba shi mahaya dubu uku. Ƙaramin, Bratoslav, ya je fadar Sarkin Rum ya dawo da alkyabba da takardar naɗi da runduna. Desimir ya sauka a arewacin tsaunin, ƙanensa a kudu. Hanyar kowa da kowa ta toshe da dusar ƙanƙara, kuma duk wanda ya fara ƙetarewa ta ɓoyayyiyar hanya, shi zai auka wa ɗan'uwansa ba shiri.

Manzon Bratoslav ne ya fara zuwa wurin Obrad neman ya nuna musu ɓoyayyiyar hanyar, da wani hafsan Rumawa a bayansa. Hafsan ya shaida wa Obrad cewa a ƙasarsu mai ƙin umarni ƙwaƙule masa idanu ake yi. Obrad ya ce hanyar ba ta kwatantuwa da baki, sai ɗan sarki ya zo da kansa ran Alhamis da hantsi, shi kaɗai, ya gani ko dawaki za su iya bi. Washegari mutanen Desimir suka iso. Su ba su tsaya magana ba, suka ɗaure Milosava a kan doki, ta zama garkuwa har sai mijinta ya nuna wa ubangidansu hanyar. Kafin a tafi da ita ta nemi a bar ta ta yi sallama da mijinta, ta raɗa masa cewa tun da duka biyun hanya ɗaya suke nema, ya nuna musu ita rana ɗaya.

Ran Alhamis da asuba Obrad ya shiga gaba, Desimir shi kaɗai yana biye. Kafin su tashi, shugaban mahayan Hungari ya yi rantsuwa cewa in rana ta taɓa kan dutsen yamma surukinsu bai dawo ba, za a rataye matar.

A ƙololuwar tsaunin akwai wani falalen dutse da ya tsaya shi kaɗai kamar turmi, kwazazzabo ya kewaye shi, gungume ɗaya da aka gitta kamar gada ne ya haɗa shi da sauran tsaunin. Obrad ya ƙetarar da Desimir, ya ce ya jira a bayan wani dutse zai duba gaba. Ya gangara kudu ya ɗauko Bratoslav. Ƙafar ƙaramin na sauka a kan falalen, maharbin ya sa kafaɗa ya ture gungumen. Sun daɗe suna jin ƙararsa kafin ya isa ƙasa.

'Yan'uwan suka ga juna, takubba suka fito. Obrad ya tsaya a tsakani, yana sane da cewa ran matarsa yana tafiya tare da rana.

Ya ce, "Ranku ya daɗe, akwai hanyar sauka, ni kaɗai na san ta. Wanda ya kashe ni ya kashe kansa. Wanda ya kashe ɗan'uwansa kuma, na rantse da kabarin mahaifinku ba zan saukar da shi ba."

Desimir bai saurara ba. Ya kai wa ƙanensa sara, Obrad ya tare da hannun hagu, yatsu uku suka faɗi a kan ƙanƙara. Ganin jinin ya sa suka dakata. Maharbin ya naɗe hannun da ɗamararsa, ya roƙe su su leƙa ƙasa kafin su ci gaba.

Daga nan ana ganin ƙasar duka. Ta arewa hayaƙi yana tashi daga ƙauyuka huɗu, mahayan Hungari suna kora shanun talakawan da Desimir yake son ya mulka. Ta kudu, a mashigar kogi, Rumawa suna jan duwatsu da takarkarai, har sun fitar da harsashin ganuwa. Obrad ya tambayi Bratoslav wata nawa baƙinsa suka ce za su yi. Ya ce biyu. Maharbin ya ce shi dai bai taɓa ganin baƙon wata biyu yana gini da dutse ba.

Duk da haka ba su huce ba. Desimir ya ce shi ne babba, gadon sarauta nasa ne. Bratoslav ya ce mahaifinsu shi ya miƙa wa zobe a gadon mutuwa. Suka tono tsoffin laifuffuka har na ƙuruciya. Rana ta yi tsaka, ta karkata. Jini ya jiƙe ɗamarar, Obrad ya fara ganin dishi-dishi, ya zauna. Sai Desimir ya tuna masa da igiyar da ke jiran matarsa, ya ce ya saukar da su kawai. Wannan magana ta fi saran ciwo. Obrad ya dubi yamma, ya ce Milosava ce ta kawo shawarar, kuma ta san haɗarin da ke tattare da ita.

Da la'asar sakaliya Bratoslav ya lura maharbin ya kusa suma, in kuwa ya mutu sun halaka. Ya cire alkyabbar Rum ya lulluɓe shi da ita, ya juya ga wansa.

"Yaya, ɗauki gadon. Bar mini kwarin kudu in riƙe a ƙarƙashinka. Amma ka sallami surukanka, ni ma in sallami nawa baƙin."

Desimir ya amince. Sannan ya soke takobinsa a tsagar dutse, ƙanen ya soke nasa a gefe, suka dafa su suka yi rantsuwa. Masu ba da labari sun ce da suka zare takubban, ruwa ya ɓulɓulo daga tsagar, Obrad ya sha ya farfaɗo.

Hanyar sauka wani rami ne a ƙarƙashin ƙaya, mutum sai ya ja ciki. 'Ya'yan sarki suka riƙa tallafar maharbi bi da bi. Da suka fito fili, rana ta riga ta zauna a kan dutsen yamma, Milosava tana tsaye a gindin itace da igiya a wuya. Desimir ya ruga yana daka tsawa, ya yanke igiyar da hannunsa.

Korar baƙin ta ɗauki shekara guda, da kyaututtuka da barazana, amma da yake 'yan'uwan sun haɗa kai, babu wanda ya sami ƙofa. Da Desimir ya hau gado ya kira Obrad, ya ce talakan da ya yaudari 'ya'yan sarki ba a barinsa haka, ko da ya yi daidai. Hukuncinsa shi ne ya zauna a gindin falalen nan, kada ya sake barin tsaunin har ya mutu. Obrad ya ce ya ji ya karɓa. Milosava ta bi shi, mutanen ƙauyukan da aka ƙone suka bi su, wurin ya zama gari, ana kiransa Dutsen Obrad.

Har yau a garin, in 'yan'uwa suka saɓa a kan gado, dattawa sukan karɓe wuƙaƙensu, a ƙetarar da su kan falalen da burodi ɗaya, a janye katakon da aka gitta a madadin gungumen. Ba a mayar da shi sai an ji su biyun sun kira da murya ɗaya.