Mai Askin da Jininsa Bai Isa Ba

Akwai wani mai aski da ya shekara ashirin da biyu a shago ɗaya. Shagon ƙarami ne: kujera biyu, benci ɗaya, fanka mai ƙara, da madubi a bango uku. Duk inda ya juya, kansa yake gani.

Shi mai jiki ne tun asali, kuma abin bai taɓa damunsa ba. Sai wata rana yana gyara wa wani direba saje, ya sunkuyo, tumbinsa ya taɓa kafaɗar mutumin.

"Randa, ɗan ja baya mana," in ji direban. "Aski na zo, ba tausa ba."

Masu jira a benci suka kwashe da dariya. Shi ma ya taya su. Amma da ya ɗago kai, sai ya ga cikin nasa ta gaba da ta gefe lokaci guda, kamar bai taɓa ganinsa ba. Daga ranar hankalinsa bai ƙara kwanciya ba.

Ya sayi sikeli ya tura ƙarƙashin benci. Kafin ya share shago sai ya hau. Ya aske kai biyu, ya sake hawa. In ya sha ruwa, ya hau ya ga abin da ruwan ya ƙara. Ya daina karin kumallo, ya daina cin rana, ya koma wa wani shayin rage ƙiba da ya gani a waya, wanda ke kai shi bayan gida sau shida a yini. Duk mako biyu yakan ɗauki ƙusa ya huda sabon rami a bel ɗinsa.

Matarsa ta gaji da mayar da kwano a rufe.

"Baban yara, wai da wa kake gasa ne?"

"Ke ba ki ga abin da nake gani ba."

"Ni da na shekara goma sha tara ina kallonka? To ni mijina nake nema, wannan na gabana wando ne a rataye."

Bai yi dariya ba. Ya tashi ya shiga ɗaki yana mintsinin gefen cikinsa.

Cikin wata biyar ya zubar da kilo ashirin da huɗu, amma bai ji ya isa ba. In aka ce ya rame, ya ce ba'a ake masa. In aka yi shiru, ya ce ba a ga canji ba ke nan. Hannunsa ya fara rawa, har ya yanki wani dattijo a bayan kunne, abin da bai taɓa yi ba tun yana koyon aiki.

Ranar wata Talata da hantsi matarsa ta kira shi daga asibiti. Ƙanwarsa Auta, wadda shi ya raine ta bayan rasuwar iyayensu, ta haihu, amma jini ya ɓalle mata. Mijinta yana can wajen aiki, tafiyar yini guda. Irin jininta ba a cika samu ba, kuma babu shi a ajiye.

"Kwantar da hankalinki," ya ce yana jawo ƙofar shago. "Jininmu ɗaya da ita. Sau uku na taɓa bayarwa, ko jiri ban yi ba."

A ɗakin gwaji ma'aikaciyar ta soki yatsarsa, ta duba na'ura. Ta ja fatar idonsa ƙasa ta leƙa, sannan ta ajiye safar hannu.

"Malam, me kake ci?"

"Ina ci mana. Ɗiba kawai, baiwar Allah, sauri ake."

"Ba zan ɗiba ba. Jininka bai isa ba. In na cire leda ɗaya a jikinka, gado biyu za mu nema."

Ya roƙe ta. Ya ce a ɗebi rabi. Ya ce zai sa hannu a takarda, duk abin da ya faru shi ya jawo. Ta girgiza kai ta kira na bayansa.

Ya fito yana kai da kawowa a baranda, waya a kunne. Ya kira maƙwabta, ya kira abokan aiki, ya kira mutanen da ya yi wa aski shekara da shekaru. Wannan yana nesa, wancan ya zo an gwada bai dace ba. Ya leƙa ta taga ya hango Auta, leɓunanta sun yi fari, nas tana kiran sunanta don kada ta lumshe ido. Ya sauka ƙasa, ya hau, ya sake sauka. A bakin ƙofar asibiti ya zauna a kan dakali yana kuka kamar yaro.

Mai gadin ƙofar, wani ƙaton mutum da maɓallan rigarsa ke neman tsinkewa, ya matso.

"Ɗan'uwa, rasuwa aka yi?"

Mai aski ya faɗa masa. Mai gadi ya tambayi irin jinin, ya miƙa wa abokin aikinsa sanda.

"Tashi mu je. Irin nawa ne. Sun san ni a ɗakin nan, suna ce min tanki."

"Kuma ba ka jin haushi?"

"Haushin me? Jikin nan shekara hamsin yana ɗauke da ni. Likita ya ce in rage gishiri in riƙa tafiya, ina yi. Amma in tsane shi? Me ya yi min?"

Awa uku aka ɓata kafin jinin ya shiga jikin Auta. Likita ya ce da an ƙara rabin awa, da wani zancen ake yi.

Washegari da rana Auta ta buɗe ido ta daɗe tana kallon yayanta.

"Yaya, ni ce ba lafiya ko kai?"

Ya miƙa hannu zai ɗauki jaririn, hannun yana karkarwa. Matarsa ta janye yaron, ta tura masa kular shinkafa da cokali.

"Ba mai ba ka ɗan mutane da wannan hannun. Ci tukuna."

Ya zauna a ƙasa gefen gadon, ya ci a hankali, hawaye na zuba, har ya ga ƙasan kular. Sannan aka ɗora masa jaririn a cinya.

Darasi: Jikinka amana ne, ba abokin gaba ba. In rage ƙiba ta zama dole, a yi ta da shawarar likita da haƙuri, ba da yunwa da ƙin kai saboda dariyar mutane ba. Akwai ranar da wani naka zai buƙaci ƙarfinka, kuma ranar ba wanda zai tambayi kilo nawa kake. Ku tura wa duk wanda kuka san ya hana kansa sukuni a kan siffarsa.