Ƙahon Ɗan Tunkiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku nutsu.

Ta zo mu saurara, Kaka.

Tunkiya ce ke da ɗa a makarantar Malam Dila. Ƙahonsa na tsirowa ya fara tunkuyin yara. Ranar da ya fasa wa Ɗan Zomo goshi kan kwanon abinci, Malam ya ce, "In ya ƙara, za a guntule masa ƙaho."

Tunkiya ta riga ta gwada duka bai ji ba. Ta zaunar da shi. "Kai, wa ya koya maka?"

"Inna, ba haka ake neman wuri ba? Kullum haka Baba da Baffa ke yi kafin su ci dusa."

Da rana Tunkiya ta rufe dusar, ta zauna a kai. Rago ya ce, "Ke, lafiya?"

"Maigida, ba mai ci sai ka matsa wa ƙanenka. Ɗanka na kallo."

"Ni? Kakana ma da karo ya ci!"

"Ba ɗan kakanka za a guntule wa ƙaho ba."

Rago ya dubi yaron, ya matsa. Kwana bakwai ana haka.

Rana ta takwas Tunkiya ta laɓe bayan dangar makaranta. Ga ɗanta ya sunkuyar da kai ya nufi Ɗan Zomo. Ta runtse ido. Da ta buɗe, ashe kwano yake tura masa da ƙaho: "Matso mu ci."

Ƙurunƙus kan ɓera. Ku tashi ku wanke kwanukan nan.